Kafin A Ɗauko Tsohuwa, A Bi Sawunta

 Yau maganar tsofaffinmu na kawo muku, watau maganar inda ya kamata su zauna sa'ad da ƙarfi ya fara ƙarewa.

Kun dai san yadda zamani ya zama. Yaro ya yi karatu, ya sami aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja, Allah ya buɗa masa, ya gina gida. Abu na fari da zai zo masa a rai shi ne ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa ta zo ta huta. Wannan niyya ce mai kyau, Allah ya saka wa mai ita da alheri. Addini ma ya hore mu da kyautata wa iyaye, tun ba ma in tsufa ya cim musu suna hannunmu ba. Amma sau da yawa tsohuwar za ta ce ita ba ta barin ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Sai gardama ta tashi tsakanin 'ya'ya, wannan ya ce birni, wancan ya ce ƙauye, a ƙarshe wanda ya fi kuɗi ko ya fi murya shi ne zai yi rinjaye. Da wuya a ji wani ya ce, "To, ku tsaya mu duba, cikin gidajen nan biyu wanne ne ba zai ka da ita ba?" Alhali kuwa nan maganar take.

Kada ku raina faɗuwa. Yaro yakan faɗi sau goma a wuni, ya tashi ya kaɗe jiki ya ci gaba da wasa. Tsoho kuwa faɗuwa ɗaya tak tana iya kwantar da shi har ƙarshen ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin wani rahoto da ta fitar a 2007 cewa, cikin mutum 100 waɗanda suka kai shekara 65 ko suka wuce, 28 zuwa 35 sukan faɗi ko wace shekara. In an wuce shekara 70, lissafin yakan hau zuwa 32 har 42. A 2021 kuma hukumar ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa a duniya ko wace shekara ta dalilin faɗuwa, waɗanda suka wuce shekara 60 su suka fi yawa a ciki. In aka ɗebe haɗarin mota, babu tsautsayin da ya kai faɗuwa kisa.

Mu mata abin ya fi shafa. Bayan haila ta ɗauke wa mace, ƙashinta yakan riƙa zaizayewa ta ciki a hankali, kamar icen da gara ta ci, daga waje a gan shi sumul, a taɓa shi ya ɓurme. Inda ya fi karyewa shi ne wuyan hannu, da ƙashin baya, da kuma wuyan ƙashin cinya, daidai inda ya shiga kwatangwalo. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, gama yana can ciki, karan maɗori ba ya riƙe shi. Galibi sai an yi aiki a babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Wadda ba ta sami aikin da wuri ba sai ta kwanta wata da watanni, gyambon kwanciya ya fito mata, ciwon huhu ya biyo baya. Matar da jiya take dakan furarta, yau sai an juya ta. To, ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce rigakafi ya fi magani.

Ga dabarar da nake so ku riƙe, ba ta bukatar ko kwabo. In ana shawarar inda tsohuwa za ta zauna, ki bi sawunta. Watau ki yi tafiyar da take yi tun daga asuba har kwanciyar barci, a gidan da take ciki da kuma gidan da ake son kai ta. Ki yi ta da duhu, da buta a hannu, kina jan ƙafa kamar yadda take ja. Duk inda kika yi tuntuɓe, ko ƙafarki ta zame, ko kika kai hannu neman abin dafawa kika rasa, ki riƙe wurin a ranki. In kin iya rubutu ki rubuta. Gani ya kori ji.

Ki fara daga shimfiɗa. In gadon ƙarfe ne mai tsawo, wanda in ta zauna ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, saukowa da dare haɗari ne. In kuma katifa ce a ƙasa, tashi zai zama aiki ga mai ciwon gwiwa. Gadon da ya dace shi ne wanda in ta zauna a bakinsa tafin ƙafarta zai kwanta a ƙasa sosai. Sa'an nan ki duba, in ta miƙa hannu tana kwance, za ta taɓa tocila ko fitila? Ki dubi tabarma da ledar ɗaki, ko bakinsu ya naɗe. Bakin tabarma ya ka da tsofaffi da yawa.

Daga nan sai dokin ƙofa. A gidajenmu na ƙasa akan ɗaga shi don kada ruwan sama ya shiga ɗaki, kuma da dalili. Amma ƙafar da ta haura shi shekara 50 ba ta sani ba, wata rana za ta kāsa. Ba sai an rushe shi ba, magini yana iya yi masa gangare ciki da waje. Fito tsakar gida ki duba abin da ke kan hanya: turmi, taɓarya, turken akuya da igiyarsa, itacen wuta, kwanukan da aka bari ba a kife ba, igiyar shanya da ta sauko daidai wuya. Ki dubi bakin rariya da inda indararo ke zuba, nan gansakuka ke fitowa da damina, santsinta kuwa ya fi na kuɓewa.

Makewayi shi ne babban wuri. Tsufa yakan sa yawan tashi fitsari da dare, ga kuma alwalar asuba. Ki ƙidaya taku nawa ne daga ɗakinta zuwa can. Ki duba bakin masai ko ya fara zaftarewa. Ki tsuguna ki tashi ba tare da kin dafa kome ba, ki tuna ita gwiwarta ta girmi taki da shekara 40 ko 50. A kafa mata azara mai ƙarfi a gefe ta riƙa kamawa. Kafinta yana iya yin kujerar katako mai rami a ɗora bisa masai. Da dare kuma a ajiye mata fo a ɗaki, jika ta zubar da safe, babu abin kunya a ciki. Rijiyar da ba ta da baki a gina mata, a yi mata murfi, kuma a hana tsohuwa jan guga. A madafi a lura da bakin zanenta kusa da murhu.

Kada ki manta, gida ɗaya fuska uku gare shi, ta damina da ta hunturu da ta bazara. Da marka, cikin Agusta, katangar da ba a yi wa yaɓe ba takan jiƙe ta faɗi, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Saurayi ya ji ƙasa na zubowa ya yi waje da gudu, tsohuwa fa? Ki dubi gindin bango ko ya zaizaye, ki dubi rufi ko ya yi ciki. In gidan yana cikin kwari ko bakin kogi, ki tambayi kanki wa zai goya ta in ruwa ya zo. Mun ga abin da ya sami Maiduguri ran 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari da dare. A irin wannan rana tsoho da jariri hukuncinsu ɗaya ne, sai an ɗauka.

Da hunturu kuma tsofaffi suna son kaskon wuta a ɗaki. Gawayi in yana ci cikin ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yakan fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yana barci za ta ɗauke shi. A ɗuma ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara mata bargo. Da bazara kuwa soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba, jikin tsoho kuma ba ya jure zafi kamar na yaro. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

To, yanzu ki tafi gidan birni ki yi wannan tafiya, kada fenti ya rufe miki ido. Ki zuba ruwa kaɗan a kan tayil ki taka da silifa, ki ji. Ki ƙidaya matakalar bene, ki duba ko tana da abin kamawa, ko da fitila a kanta in an ɗauke wuta. Ki shiga banɗaki. In da kwamin wanka mai zurfi wanda sai an ɗaga ƙafa an shiga, ba na tsohuwa ba ne, kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsawo da bokiti sun fi mata. Ki duba ƙofar banɗakin, in ta faɗi a ciki ta kulle, ana iya buɗewa daga waje? Ki dubi ƙarafunan taga da ƙofar ƙarfe, in gobara ta tashi ta ina za ta fita, mabuɗi kuma yana hannun wa? Ki duba inda ake ta da janareta, domin hayaƙinsa yana ɗauke da irin gubar nan ta gawayi, bai kamata ya kwana kusa da tagar kowa ba. Tukunyar gas kuma, wadda ba ta saba da ita ba kada a bar ta da ita ita kaɗai.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Kakata ta wajen uwa tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Kawuna, ɗanta na fari, ya gina bene a Kaduna, bayan Babbar Salla ya je ya ɗauko ta. Saboda girmamawa aka ba ta ɗaki mafi kyau, yana sama, da banɗakinsa a ciki, ko'ina tayil yana ƙyalli. Da na je gaishe ta lokacin hutun makaranta, sai na tarar ta rame, ga butar shanta cike ba ta taɓa ba. Na tsokane ta na ce, "Kishiya, ko kewar maigidan namu ce ta hana ki cin abinci?" Ta harare ni, ta ja ni kusa ta ce, "Ke dai bari. Gidan nan kyan ɗan maciji gare shi." Ashe tun makon da ta zo ta zame a banɗaki, Allah ya kiyaye ta dafa bango. Tun daga ranar ta rage shan ruwa don kada fitsari ya tashe ta da dare. Bene kuwa sai ta yi kwana 3 ba ta sauko ba. Da safe kowa ya fita, manya wurin aiki, yara makaranta, a rufe ƙofar gida, ta wuni ita da bango. Na ce, "Kin gaya wa Kawu?" Ta ce, "Wane ni? Ya kashe dukiyarsa domina in ce masa me?"

Na gaya wa mahaifiyata, aka zauna. Kawu ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kika fi so?" Ba ta dube shi ba, mahaifiyata ta ba amsa ta bakinta. Aka shirya haka: rani da hunturu tana gidanta, da marka kuma ta zo Kaduna, a ɗakin ƙasa kusa da falo, a shimfiɗa tabarmar roba a banɗaki, a kafa ƙarfen kamawa. Gidan ƙauye aka yi masa yaɓe, aka yi wa dokin ƙofa gangare, aka daɓe hanyar makewayi, aka rufe rijiya, aka sa fitila mai aiki da hasken rana, aka kuma sa 'yar ƙanen kawu ta riƙa kwana ɗakinta. Kawu da kansa ya ce kuɗin gyaran duka bai kai na labule da kujerun ɗakin saman nan ba.

Abin da nake so ku lura da shi cikin labarin nan shi ne kunya. Uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi. Suruka kuma ba ta son a ce ta zo gidan matar ɗanta tana ƙorafi. Saboda haka tsohuwa takan faɗi ta ɓoye, ta ji jiri ta yi shiru. Wa take gaya wa? Jika, abokiyar wasanta. To, ku 'yan makaranta, kun ga aikinku. Ku ne kunnen gida. Cikin wasa da tsokana ku tambaye ta, "Kaka, yaushe rabonki da faɗuwa? Ina ne kike tsoron takawa a gidan nan?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da kuka ji ku kai wa iyayenku cikin ladabi.

Bayan an duba gida, a duba jikin mai gidan. Na ɗaya ido. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, cikin waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, ya nuna yanar ido ita ce kan gaba, ita ta jawo wajen kashi 43 cikin 100 na makantar da aka samu. Yana kuwa ana cire ta a asibiti, gani ya dawo. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin ido a Kano da sauran manyan garuruwa. Tsohuwar da ake cewa ta cika tuntuɓe, mai yiwuwa ne hanya ce ba ta gani. Na biyu magani. Maganin hawan jini da na barci sukan sa jiri, musamman in an miƙe zumbur. A koya mata in ta farka ta zauna bakin gado tukuna, ta yi addu'arta, kāna ta tashi. In jirin ya yi yawa a koma wa likita, kada a daina maganin da ka. Na uku ƙafa. Ciwon suga yakan kashe jin tafin ƙafa, har ta taka ƙaya ba ta sani ba. A sama mata takalmi mai kama dunduniya, a rabu da silifan da gindinsa ya cinye. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, a yanke ta daidai tsawonta, a sa mata roba a gindi. Kada kuma a hana ta motsi da sunan hutu. Ƙafar da ba ta tafiya mutuwa take yi. A bar ta ta je barka, ta je gaisuwa, ta tsince shinkafa, ta ba kajinta hatsi.

Sa'an nan babbar tambaya, wadda ta fi tayil ta fi yaɓe: in ta faɗi ta yi kira, wa zai ji? Gidan da ya fi ko wanne aminci ga tsoho shi ne gidan da ke da mutane. A ƙauye maƙwabciya takan leƙo ɗibar wuta, almajiri ya shigo, jikoki suna kai da kawowa, da wuya ta yi sa'a guda a ƙasa ba a gani ba. A gidan birni mai doguwar katanga tana iya kwana ta wuni. Amma fa wani ƙauyen ma ya zama kango, matasa duk sun tafi ci-rani, sai tsofaffi ke gadin juna. Mutum rahama ne, a ƙidaya mutanen da ke wuni cikin gidan kamar yadda aka ƙidaya matakala.

Kada ku ce na ce ko wace tsohuwa a bar ta a ƙauye. Akwai inda tashi ya zama tilas. In tana da ciwon da ke bukatar ganin likita ko wane wata, asibiti kuwa yana da nisa, hanya ba ta biyuwa da damina, to birni ya fi. In ruɗewar tsufa ta kama ta, tana manta tukunya a wuta, tana fita ta kāsa gane hanyar gida, lalle ne ta kasance inda ido ke kanta dare da rana. In babu mai kwana da ita, ko zaman lafiya ya yi ƙaranci a yankin, a ɗauko ta. Amma in za a ɗauko, a yi shi da tsari. A ba ta ɗakin ƙasa kusa da banɗaki. A zo mata da gadonta da kwallayenta da dardumarta, a jera su yadda ta saba, domin hannun tsoho ya haddace wurin kayansa ko da duhu. Makonnin fari a sabon wuri a sa mata mai kwana da ita, gama ƙafarta ba ta san ƙasar ba tukuna. A haɗa ta da tsofaffin unguwa, a riƙa kai ta ganin gida, zumunta a ƙafa take.

Ke kuma uwargida da za a kawo miki uwar miji, kada ki jira sai ta roƙa, ba za ta roƙa ba. Ki gyara tun ba ta iso ba. Ki hana yara barin ruwa a ƙasa. Ki ba ta wani ɗan aiki a hannunta, ko da gyaran zogale ne ko riƙon jariri, ta san ana bukatarta a gidan. Abin da kika yi mata 'ya'yanki suna kallo, su ne kuma za su zaɓa miki ɗaki wata rana.

Daga ƙarshe, bayan an gama dube-dube, a zauna da ita a shimfiɗa mata abin da aka gani a gida biyun, amfani da haɗari, a bar ta ta zaɓa muddin hankalinta na nan. Matar da ta riƙe gida shekara 50, ta aurar, ta yi jikoki, ba kaya ba ce da za a ɗauka a aza a mota. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

'Yan makaranta, ga aikin gida na ba ku. Cikin makon nan ko wace ta tashi da asuba ta bi sawun kakarta daga gado zuwa makewayi, ta rubuta wurare 5 da ta ga haɗari, ta gyara wanda take iyawa da hannunta, sauran ta nuna wa manya. Wadda ta ga wata dabara da ban ambata ba ta rubuto wa Edita, mu ƙaru da juna.

Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu tsufa mai kyau da masu riƙe mu. Amin. Wassalam.